Tambaya: mene ne ya raba masu sassaucin ra'ayi na da da na zamani?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a kimiyyar siyasa a nan Jos, jarrabawa ta matso, kuma batun libaralizim, wato sassaucin ra'ayi, ya tsaya mini a wuya. Malami ya ce na da da na zamani duk 'yancin mutum suke karewa, amma ba sa ga maciji da juna kan aikin gwamnati. To in alƙibla ɗaya ce, rigimar ta mece ce? Don Allah a warware mini da Hausa.

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na da, irin su John Locke a 1689 da Adam Smith a 1776, tsoronsu sarki ne da hukuma. A wurinsu gwamnati maigadi ce: ta tsare ranka da dukiyarka, ta raba gardama a kotu, sannan ta sakar maka mara. John Stuart Mill ya ƙara a 1859 cewa ba a tilasta wa baligi komai sai in zai cuci wani.

Sai masana'antun Ingila suka cika da leburori masu aiki kamar bayi, alhali ba wanda ya ɗaure su. Nan T. H. Green, ɗaya daga cikin na zamani, ya ce a 1881, wanda yunwa ta sa shi amsa kowane irin sharaɗi ba da son ransa ya amsa ba. Daga wannan tunani aka zo ga rahoton Beveridge na 1942 kan tallafa wa marasa ƙarfi da asibitin kyauta na Birtaniya a 1948.

Dubi yaron da ke tura baro a Taminus. Babu dokar da ta hana shi karatun likita. Na da zai ce yana da 'yanci. Na zamani zai ce ina kuɗin makaranta? Ni dai na karkata ga na biyu, shekaru na yi ina koyarwa a firamare, na ga masu ƙwaƙwalwa da talla ta cinye.

Hajiya Mai Dankali:
Malam, da girmanka, amma makarantar kyautan nan daga aljihun wa? Ni a Farin Gada nake, kafin in sayar da buhu na yanki rasit kala-kala. Tun 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya kyauta, yaran ba suna nan kan titi ba? A bar mini kuɗina in biya wa jikokina da kaina.

Baban Hafsa:
Hajiya, ai kin zama ɗalibar Hayek ba ki sani ba! Shi ma, masanin tattalin arziki ne mai ra'ayin na da, cewa ya yi gwamnatin da ta saba raba arziki ƙarshenta ta mallake mutane.

Ɗan Rikkos:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Kenan cire tallafin mai da aka yi a watan Mayun 2023 ra'ayin na da ne? Zan iya kawo shi misali a jarrabawa?

Baban Hafsa:
Kawo shi, ka haɗa da shirin SAP na gyaran tattalin arziki da Babangida ya kawo a 1986. Amma ka rubuta hujjar kowane ɓangare kafin ka faɗi taka.