Inda aka tsaya kan ɗora maganaɗisun na'urar auna gudu

Ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka haɗa motarsu da hannunsu:

1. Kusan kowa ya ce a nisanci faifan birki, domin yana ɗaukar zafi. Maganaɗisun neodymium na gama-gari kan fara rasa ƙarfi idan zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Celsius.

2. A goge maiƙo da tsatsa tas kafin a shafa gam.

3. A gwada fuskar maganaɗisun da sensa (ɗan abin da ke jin wucewar maganaɗisu a kowane juyi) ke ji tukuna, domin wasu fuska ɗaya kawai suke amsawa.

4. An rabu kan gam. Wasu sun ce ya wadatar, wasu suka ce juyawar farfela (sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi) za ta cillar da maganaɗisun, gara a ƙara ɗauri. Ni ina bayan masu cewa a ƙara ɗauri.

5. A farfela, a sa maganaɗisu biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan gefe, suna kishiyantar juna, kada ta yi rawa.