Me ya sa sai an kai madubai biyu sama?

Ɗalibar_Fizik:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Na ji ana maganar harba na'urorin hangen nesa biyu sararin samaniya su yi aiki kamar guda ɗaya wai don a ga yadda taurari da duniyoyi ke samuwa, to ni abin da ya ɗaure min kai, ba ga na'urar James Webb nan a sararin samaniya ba, ga kuma na'urorin ALMA a ƙasa a Chile, me kuma ake nema?

Malam_Hange:
Wa alaikissalam ƙanwata. Maganar tsawon zangon haske ce. Webb iyakarsa wajen maikiron 28 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ALMA kuma sai daga wajen 300 take farawa, to a tsakanin nan ne ƙura mai sanyi da ke kewaye da jaririn tauraro ta fi haskawa, kuma hasken nan daga ƙasa ba ya ganuwa don tururin ruwan da ke cikin iska shanye shi yake, ALMA ɗin ma da aka kai tsaunin mita 5000 ba ta tsira ba.

Ɗan_Injiniya:
Ai Herschel, wani madubin hangen nesa da aka harba sama, ya leƙa wannan zangon daga 2009 har hiliyom ɗin da ke sanyaya shi ya ƙare a 2013, madubinsa mita 3.5 amma faifan ƙurar da ke kewaye da tauraro gaba ɗaya ɗigo ɗaya yake fitowa, dishi-dishi. In zango ya yi tsawo madubi ma sai ya yi faɗi, wace roka za ta ɗauki madubin mita 30? Shi ne dabarar a ware ƙanana biyu a haɗa haskensu a tsakiya, tazarar da ke tsakaninsu ita ke ba da kaifin hoton. Tsarin SPIRIT na NASA kenan, madubai biyu masu mita 1 a kan sanda mai mita 36, har yau dai a takarda yake.

Ɗalibar_Fizik:
Na gode sosai. To Malam in an samu kaifin me za a gani?

Malam_Hange:
Ruwa! Wato daidai inda tururi ke daskarewa ya koma ƙanƙara a cikin faifan, don daga nan ne ake ganin manyan duniyoyi irin Jufita ke tara jiki. Herschel ya gano iskar HD (wani nau'in haidurojin) a maikiron 112 a faifan tauraron TW Hydrae har aka ƙiyasta nauyinsa, amma ina iskar take a cikin faifan, oho.

Ɗan_Injiniya:
Ni fa Malam ba na ganin za a yi shi nan kusa, sai an sanyaya madubin zuwa wajen digiri 4 na Kelbin (wato wajen -269 a ma'aunin Celsius) in ba haka ba zafinsa ma ya rufe abin da ake nema, ga daidaita hasken biyu da ko kaurin gashi ba a yarda ya kauce ba, sanda kuma tana juyawa. BETTII ma, wata na'ura mai irin wannan dabarar, da aka gwada a 2017 a balan-balan aka ɗaga shi, tazararsa mita 8 kawai.