Waɗanda suka taɓa sakin babban kifi a tafkunan Amurka, ku ba mu labari

Ɗan Yawuri a Dallas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman jin ta bakin waɗanda ke fita fatsar kifin nan mai ratsi-ratsi da Amurkawa ke kira striper. Mu a nan Tafkin Texoma muke zuwa, kan iyakar Texas da Oklahoma. Doka ta yarda mutum ya riƙe goma a rana, amma biyu kaɗai ne za su kai inci 20 ko fiye. Ranar Asabar na kamo wata ƙatuwa da ta kusa tsawon hannuna da kafaɗa, mai jirgin ya roƙe ni in sake ta, na kuwa sake ta. Har yanzu gida ba a daina yi min faɗa ba. Ku yaya kuke yi?

Baba Masunci:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi daidai, kuma zan gaya maka dalili. Asalin kifin nan na teku ne, yana hawo koguna ne don ya yi ƙwai. Ƙwan nasa sai ruwa mai gudu ya riƙa ɗauke da shi kamar kwana biyu kafin ya ƙyanƙyashe. In ya nutse cikin laka ya lalace. Shi ya sa a yawancin tafkuna ba ya haihuwa, hukuma ce ke zuba 'ya'ya duk shekara. Texoma na cikin 'yan kaɗan da suka fita daban. Oklahoma ta zuba shi a 1965, zuwa 1974 aka tabbatar yana haihuwa da kansa a kogin Red da Washita. Manyan nan kuwa kusan duk mata ne, kuma ƙwan babba ɗaya ya ninka na ƙananu da yawa. Na sha kama irinsu a watan Afrilu cikinsu cike fal, hannuna ba ya iya kai su tukunya. Ƙananan ma sun fi daɗin ci.

Maman Ilham, Virginia:
Baba, ina gaisuwa. Ni dai ina da ja kaɗan. Da maigida muke zuwa Tafkin Smith Mountain, kuma abin da idona ya gani a watan Yuli ya tsaya min a rai. Wasu a jirgin da ke kusa da mu suna ta kamawa suna saki, suna ganin alheri suke yi. Da muka juyo da hantsi sai ga manyan kifaye biyu a saman ruwa, ciki sama. Lokacin zafi kifin na can ƙasa inda ruwa ke da sanyi. Ka jawo shi ya yi ta kokawa har ya galabaita, ya ratso ruwa mai ɗumi, ga jakar iskar cikinsa ta kumbura. Zai yi iyo ya tafi a gabanka, daga baya ya mutu. Dokar Virginia ma ta san da haka: a wannan tafkin, daga Nuwamba zuwa Mayu dole ka saki wanda ke tsakanin inci 30 da 40, amma daga Yuni zuwa Oktoba babu wannan sharaɗin, biyu ne dai iyakarka. Mu da zafi muna kama biyunmu mu naɗe layi mu koma gida. Azabtar da dabba sannan a bar ta ta ruɓe, ban ga ladan da ke ciki ba.

Baba Masunci:
Gaskiyarki 'yata. Maganata ta lokacin da ruwa ke da sanyi ce.

Injiniya a Atlanta:
A Tafkin Lanier nake fita, galibi Disamba zuwa Maris. Abin da ya fi yi min amfani shi ne ƙugiyar nan mai lanƙwasa kamar zobe, domin a gefen baki take kamawa, kifi ba ya haɗiye ta. Ina jiƙa hannu kafin in taɓa shi saboda yauƙin jikinsa kariya ce gare shi. Ba na rataye babba ta baki don hoto, ina tallafe cikinsa. Kafin in sake shi kuma sai na riƙe shi a ruwa har ya fizge da ƙarfinsa. Wanda ya kasa fizgewa ko yake zubar da jini, in doka ta bari, gida yake zuwa.

Ɗan Yawuri a Dallas:
Allah ya saka da alheri. Yaya Injiniya, a Argungu wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma shi ake ɗagawa sama, don haka sai an yi da gaske kafin iyalina su fahimci wannan. Hajiya, tawa a watan Maris ce, ruwa da sanyi, kuma ta fizge sosai. Ƙugiyar zoben nan wace lamba kake sa wa in da ɗanyen kifi mai rai kake fatsa?