Musayar Waƙa: Matan da Aka Kulle

'Yar Sabon Gari:
Sallama, 'yan'uwa, yau na zo da ta Anne Frank,
Yarinyar Amsterdam da yaƙi ya kulle ta.
A Yunin 1942 ta cika shekara 13,
Aka ba ta littafin rubutu, kyautar haihuwarta.
Wata bai zagayo ba Nazi suka matsa wa Yahudawa,
Ta shige maɓoya a bayan ofishin babanta.
Su takwas, da rana ba tari, ba taku mai ƙarfi,
Alƙalami ne kaɗai ke jin kukan zuciyarta.
Sansanin Nazi na Bergen-Belsen ya cinye ta a 1945,
Wa zai karɓa? Hawaye sun hana ni ƙarasa ta.

Ɗan Filato:
Ƙanwata, share ido, na karɓa.
Miep Gies fa? Ban ji kin kira sunanta ba.
Ita ke kai musu abinci, ranta a hannu,
Da aka kwashe su a Agustan 1944 ba ta gudu ba.
Ta tsince takardun a ƙasa, ta adana,
Amana ce, ko shafi ɗaya ba ta buɗe ba.
Otto, uban, shi kaɗai ya dawo, ta miƙa masa.

Gwaggon Zonkwa:
Yarana, ku matsa, tsohuwa za ta sa baki.
Tun shekara ta 203 wata ta rubuta daga kurkuku:
Perpetua ta Carthage, ƙasar Tunisiya a yau,
Da jariri a nono, ga duhu, ga zafin ɗaki.
Tsohonta ya zo yana kuka, ki bar Almasihu,
Ta ce tulu tulu ne, ba a sauya masa suna.
Felicity, baiwa, ta haihu a tsare,
Tare suka shiga filin namun daji rana guda.
Duk sanda na karanta wurin jaririn nan,
Sai in ajiye, in je in leƙa jikokina.

Baƙon Nyala:
Gwaggo, a gafarce ni, ga tamu ta Darfur.
'Yan fataucin bayi sun sace ta tana ƙarama,
Tsoro ya mantar da ita sunan yanka,
Suka ce mata Bakhita, wai mai sa'a.
An tsaga jikinta, an cusa gishiri a raunin.
A Italiya kotu ta 'yanta ta a 1889,
Ta zama sistar coci, ta rasu a garin Schio a 1947.

'Yar Sabon Gari:
Yaya na Nyala, ka tsaya min a rai da 1947,
Shekarar da aka fara buga rubutun Anne ke nan.
Gwaggo, ki dawo, ba ki ƙarasa mana ba:
Jaririn Perpetua, hannun wa ta bar shi?