Ina Hausar "prayer chain"?

Sakatariyar Zumuntar Mata, Sabon Gari:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Kwamitin bishara zai buga takardar addu'a domin ma'aikatan bishara da ke karkara, ana so kan takardar ya fito da Hausa. Abin da ake nufi: a raba awa 24, kowa ya riƙe lokacinsa, addu'a ba ta yankewa. An kawo "sarƙar addu'a". Ta zauna?

Malamin fassara:
Ba ta zauna ba, Mama. Bahaushe in ya ji sarƙa, ta wuya ce ko ta ɗaure fursuna. In aka jingina ta da addu'a kuma, carbi zai zo masa a rai, ko rosarin 'yan Katolika. A bar siffar, a dubi aikin: wannan ya gama, wancan ya karɓa. Ni "addu'ar karɓa-karɓa" na gani.

Dattijon ikkilisiya:
Malam, karɓa-karɓa ai warin siyasa take yi, kowa mulki zai tuna. Me ya sami "kwanan zaune"?

Malamin fassara:
Baba, kwanan zaune tana da aikinta. Ita jama'a ce a majami'a ɗaya, dare ɗaya, asuba ta yi a watse. "Gayyar addu'a" ma haka, gayya taron dangi ce a lokaci guda. Wannan kuwa mutum yana ɗakinsa a unguwar Brigade a Kano, wanda zai karɓe shi yana unguwar Badawa, ƙila ma ba su san fuskar juna ba. Kuma tun kafin 'yan siyasa su ara, masu daka da masu ɗaukar kaya suna karɓa-karɓa.

Fasto mai kula da aikin bishara:
Ina bayan Malam, domin sunan yana koyar da aikin. Abin ba sabo ba ne. A Agusta 1727 'yan ikkilisiyar Morabiya na garin Herrnhut a Jamus, maza 24 da mata 24, suka raba awoyin dare da rana, addu'ar ta ɗore fiye da shekara 100. A 1732 suka aika masu bishara na farko zuwa tsibirin St. Thomas a yankin Karibiyan. Tun a Ayyukan Manzanni 13 ma, sai da ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta sallami Barnaba da Shawulu. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta haifi ikkilisiyar ECWA, takenta kenan: ta wurin addu'a.

Ga lissafin. Mako yana da awa 168. In awa ɗaiɗai ce, mutum 24 sun rufe yini. In rabin awa ce, 48. Rabin awa ta fi ɗorewa, don yawancin mutane bayan minti ashirin hankali ya tafi kasuwa. Kowane lokaci a sa mutum biyu, kada a bar shi kan ɗaya.

Inda take tsinkewa sananne ne: daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na dare. Ana ba wa matasa saboda zumuɗinsu, mako biyu barci ya kwashe su. Ku ba ma'aikatan jinya masu aikin dare da masu gadi, da tsofaffin da dama ba sa barci. Mai rumfa a kasuwar Sabon Gari kada a ba shi tsakar rana, ciniki ba zai bar shi ba. Safiyar Lahadi kuma tana karo da sujada, sai a ba wanda ya shiga ta farko lokacin ta biyu.

Miƙawa ita ce zuciyar abin. Saura minti biyar, mai gamawa ya kira mai karɓa, ya ji muryarsa. Filashin bai isa ba, saƙon WhatsApp ma haka, waya ta iya mutuwa don rashin wuta. In bai ɗaga ba, a kira na biyun.

Mai tsara takardar addu'a:
Ƙari kaɗan, Baba Fasto. Takarda kada ta wuce buƙatu bakwai, kuma a faɗe su dalla-dalla: babur ya lalace, matar ma'aikaci ta kusa haihuwa, kuɗin makarantar yara, ruwa ya cinye hanya da damina. "A yi wa masu bishara addu'a" kawai ba ya riƙe kowa minti talatin. A sabunta duk wata, a rubuta waɗanda aka amsa. Sunan ƙauye da cikakken sunan sabon mai bi ba sa shiga takarda, don tana yawo hannu da hannu. Harafin farko ya wadatar.

Sakatariyar Zumuntar Mata:
To, na rubuta: addu'ar karɓa-karɓa. Wanda ke kai "mai riƙo", na gaba "mai karɓa". Na biyun nan fa da ake kira in an rasa na farko?

Dattijon ikkilisiya:
Ɗan ko-ta-kwana. Na janye maganar siyasa, 'yata. Ki sa ni ƙarfe uku zuwa uku da rabi na dare, amma ki nemo min mai karɓa wanda wayarsa ke da caji.