Wace Hausa za mu ba "centre of gravity" a jirgi mai farfela?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu neman kalma. Yau da tambaya na zo, kuma a cikin jirgi ta same ni.

Makon jiya na hau ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan masu farfela biyu. Zamanmu ke nan sai ma'aikaciyar jirgin ta zo ta ce mutum huɗu na kujerun baya su koma gaba. Wani dattijo kusa da ni ya ce atafau, kuɗinsa ya biya, ga lambar kujerarsa a takarda. Ta yi masa bayani da Turanci, ya juyo wurina ya ce, "Ɗana, me take cewa?" Na buɗe baki, Hausar ta maƙale. Da ƙyar na ce, "Baba, wai lodin ne bai zauna ba." Ya tashi kuwa, amma ni tun ranar abin ke cina.

Magana biyu ce a ciki, ta farko ba ta da wuya. Kowane jirgi yana da nauyin da ba a yarda ya wuce ba lokacin tashi. ATR 72, wani jirgi mai farfela biyu da ake haɗawa a Tulus ta ƙasar Faransa, yana ɗaukar fasinja wajen 70, kuma sabon samfurinsa bai wuce kilo 23,000, a haɗa da jikin jirgin da mai da mutane da kaya. Wannan na ce mu kira shi maƙurar nauyin tashi. In an wuce, ai tasha ta riga ta ba mu obalodi, ba sai mun ƙirƙiro ba. Kuma maƙurar takan sauko ƙasa da abin da ke rubuce, domin iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta riƙe fiffike sosai. Tsakar rana a Sakkwato cikin Afrilu, ko filin jirgin Jos da ke kan tudu, sai a rage kaya. Wanda jakarsa ta biyo jirgin gobe, wani lokaci dalilin ke nan, ba mugunta ba.

Ta biyun ce ta hana ni barci. Jirgi yana iya zama bai kai maƙura ba, amma nauyin ya taru inda bai kamata ba. Akwai wani wuri a tsawon jirgin wanda da za a rataye shi daga nan, ba zai karkata gaba ko baya ba. Dole wurin nan ya faɗo cikin ɗan tsakanin da maƙera suka ƙayyade, daura da fiffike. Wurin nan shi Bature ke kira centre of gravity. Ni na kawo "tsakiyar nauyi". Ku gyara mini.

Da na jefa tambayar, wani malamin kimiyya daga Damagaram ya fara amsawa: "Malam, tsakiya za ta ruɗa ɗalibi, zai zaci rabin tsawon jirgi ake nufi. Cibiyar nauyi ta fi." Na kusa yarda, don kunne ya saba da cibiya. Sai wata 'yar'uwa da ta yi aikin rubuta takardar lodi a filin jirgi ta ce, "Yaya, cibiya ai ba ta matsawa. Wannan kuwa kullum cikin matsawa yake. Buhu goma a ɗakin kaya na baya, ya ja baya. Mutum huɗu su koma gaba, ya biyo su." Ta yi gaskiya. Ita ta tuna mana cewa a ATR 72 ta ƙofar baya fasinja ke shiga, don ƙofar gaba ta ɗakin kaya ce, kuma akan rataya wani ƙarfe a ƙarƙashin wutsiya lokacin lodi don kada jirgin ya zauna da gindi.

Amsar da ta fi burge ni daga wani tsohon mai jakuna ta fito, ta hannun jikansa. Ya ce duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san abin nan. Ba yawan yashin kaɗai ke kayar da jaki ba, in gefe ɗaya ya fi, kaya ya rinjaya, sai ka tsaya ka kwaso daga nan ka zuba can. To ga kalma tun kaka da kakanni: rinjaye. Jaki hagu da dama yake rinjaya, jirgi gaba da baya, bambancin ke nan.

Daga nan wani ya yi zumuɗi ya ce a ƙera "marinjaya", wato wurin da ake rinjaya. Ta yi daɗin faɗi, sai dai a rubuce daidai take da jam'in marinjayi, masu galaba. Mai karanta labari a rediyo zai yi tuntuɓe da ita. Na ajiye ta.

Kada a ɗauka wasan kalmomi muke. Ranar 8 ga Janairu 2003, wani jirgi mai farfela samfurin Beechcraft 1900D ya tashi daga Shalot a Amurka, hancinsa ya ɗaga sama ya ƙi saukowa, ya faɗo cikin filin jirgin, mutum 21 suka rasu. Masu bincike sun gano abu biyu: an yi kuskure wajen gyaran wayoyin da ke juya ƙaramin fiffiken wutsiya, kuma jirgin ya wuce maƙura, nauyinsa ya rinjaya baya. Ba a ɗora fasinja kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, ƙiyasi ake yi na matsakaicin nauyin mutum, kuma ƙiyasin lokacin ya yi kaɗan. Bayan hatsarin hukumar jiragen Amurka ta ɗaga shi.

Malamin Damagaram ne ya dawo da daddare ya warware mana. Ya ce a aji yakan ce wa ɗalibai wuri ne da ake ɗauka kamar duk nauyin abu ya tattaru a nan. To me zai hana matattarar nauyi? Matattarar ruwa takan sauya wuri in ƙasa ta sauya, ba ta ce ita ce tsakiya ba, kuma ba wanda zai nemi ƙamus kafin ya gane ta. 'Yar'uwarmu ta lodi ta gwada ta a jimla: "Matattarar nauyi ta yi baya, a matso da mutum huɗu gaba." Ta zauna daram.

Ita na ɗauka, tare da rinjaye in matattarar ta fita daga iyakarta. Ƙarfen nan na ƙarƙashin wutsiya kuwa, tunda tokare jirgin yake yi, na rubuta matokari a littafina, sai in wani yana da wadda ta fi.