Idan an rage ma'aikata aka jibga maka aikin mutum biyu

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ka karɓi aikin wanda ya tafi da baki kawai. Ka nemi takardar miƙa aiki tun kafin ya bar ofis: fayil-fayil, kalmomin sirri na kwamfuta, lambobin abokan hulɗa, da abin da ya bari rabi da rabi. Nan ake yawan tuntuɓe, domin in ya fita wayarsa ba ta cika shiga ba, kuma laifin duk abin da ya lalace kanka zai dawo.

Sannan ka yi mako biyu kana rubuta kowane aiki da mintocin da ya ci. Da wannan lissafin za ka tunkari oga, ba da ƙorafi ba: "Ranka ya daɗe, ayyukan nan sun kai awa 55 a mako, wanne zan jinkirta?" Bari shi ya zaɓa, kai kuma ka tura masa imel na abin da kuka tsayar. Wanda ya yi shiru yana kwana a ofis, gani za a yi gurbin ya cike, ba za a ɗauki kowa ba.

Kan kuɗi, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ɗauki awannin da suka wuce na ƙa'ida a matsayin obataya, sai dai dokar ba ta shafi manyan ma'aikatan gudanarwa ba, su takardar ɗaukarsu aiki za su duba. Ka tambayi alawus na riƙon muƙami, da ranar da riƙon zai ƙare.